Laimar Saje Bube

Bube Sodangi yana da shekara saba'in da tara. Tsohon saje ne na sojan sama, yanzu kuma tufkar igiya yake yi a ƙofar gidansa a Kankia, ya kai kasuwa ranar da take ci. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai taɓa harbin kowa ba. Aikinsa a soja shi ne naɗe laimar da matuƙin jirgin yaƙi yake ɗaurawa a jiki, wadda zai diro da ita in jirgi ya kama wuta a sama. Ɗaya daga cikin laimomin nan tana wurinsa tun yaƙin basasa, cikin wani akwatin ƙarfe mai tsatsa. A bazarar bana babban ɗansa, Sagir, ya yanke shawarar ƙona ta.

Laimar ba ɓoyayyiya ba ce. Duk wanda ya girma a unguwar ya taɓa zama a inuwarta. In aka baje ta aka ɗaɗɗaure igiyoyinta a itatuwan bedi, takan rufe taron maza gaba ɗaya, har masu talla su samu inda za su raɓa. An raɗa suna a ƙarƙashinta, an ɗaura aure, an yi zaman makoki. Daga Fakuwa ake zuwa aronta, daga Ƙofa, daga Mawashi, har daga cikin garin Kusada, tun kafin a fara ba da hayar rumfunan ƙarfe. A da fara ce sol. Yanzu kusan rabinta faci ne: farin yadi, guntun atamfa, har da wani yanki na shuɗiyar shadda da Bube ya yanko daga tsohuwar rigarsa ta sallah.

Aro ne, ba haya ba, amma da sharaɗi. Ba a wanke ta. Ba a busa taba a ƙarƙashinta. In rana ta yi sanyi a sauke ta. Babban sharaɗin kuwa, wanda ya fi ba mutane mamaki, shi ne kada a dawo masa da ita a naɗe. A tattaro ta kawai a dunƙule cikin buhu, shi zai naɗe abarsa. Wata shekara matan wani gida a Ƙofa suka ga ya kamata su kyauta masa. Suka wanke ta da sabulun salo, suka turara ta, suka ninke ta kamar zanen lefe, igiyoyin kuma suka yi musu kitso don kada su harɗe. Bube ya yini yana tsefe kitson nan, yana magana da Fulatanci shi kaɗai. Sai da kaka ta zagayo kafin ya sake amsa gaisuwar mai gidan da fara'a.

A wata ruga bayan Mawashi aka haife shi. Tun yana ƙarami shi ke tufka dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera maruƙa a ɗaure, kuma shi ke warware ta in ta harɗe. Shekarar da yaƙi ya ɓarke ya bi fataken shanu zuwa Kaduna, ya ga ana ɗibar soja, ya shiga layi ba tare da ya aika gida ba. Layin ya yi tsawo, hannunsa kuma bai iya zama haka nan ba. Ya tsinci wani yagaggen buhu, yana zare shi yana murzawa a cinya. Wani saje mutumin Binuwai, mai Hausar bariki, ya tsaya a kansa, ya karɓi igiyar ya ja da ƙarfi. Ba ta tsinke ba.

"Kai, yaro. Ka iya karatu?"

"A'a."

"Ka iya haƙuri?"

"Kiwo nike yi," in ji Bube.

"To biyo ni."

Haka ya tsinci kansa a ɗakin naɗin laima, da farko a Kaduna, daga baya a filin jirgin Makurɗi, inda jirage ke tashi zuwa bakin daga. Ɗaki ne dogo, da tebur mai santsi daga wannan bango zuwa wancan. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga da zobe ko agogo. Kowace safiya sai saje ya duba farcen kowa, wanda kuma aka gani da goro a baki ya fita ke nan, don a cewar saje tofin goro yana cin yadi. A miƙe laima a kan tebur, a bi ta ana neman huji ko ɗigon mai, a tsefe igiyoyi ɗaya bayan ɗaya har kowace ta kwanta a gefen 'yar'uwarta, sannan a ninka a cusa cikin jaka. Igiya ɗaya in ta hau kan wata, laima tana iya fitowa a murɗe kamar wankin da aka matse, mutum ya faɗo da ita har ƙasa. Bube ya ce abin bai yi masa wuya ba. Maraƙi ma in ka ɗaure shi a karkace, da safe gawa za ka kwance.

Matuƙan yara ne, in ji shi, kusan sa'o'insa, sai dai su sun yi boko sun je Turai. A ɗakin cin abincin hafsoshi ana jin dariyarsu har waje. Amma shi ya ga wata fuskar tasu. Ya ga wanda ya sauko daga jirgi ya kasa riƙe kofin shayi. Ya ga wanda sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga sandar tuƙi. Akwai wanda ba ya tashi sai ya taɓa tayar gaba ya shafa a goshi, akwai wanda yake barin agogonsa a hannun mai shara, ya ce in bai dawo ba a kai wa uwarsa. In jirage suka tashi, ma'aikatan ƙasa ba sa iya zama a ɗaki. Sukan fito bakin rumfar jirage su kasa kunne ta kudu, kowa yana jiran ƙara, ba mai kallon wani.

Yawancin matuƙan ba su san ƙofar ɗakin naɗi ba. Mutum ɗaya ne yake zuwa, Laftanar Zainul Abidin, wani siririn Bazazzagi mai yawan tsokana. Yakan tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba sai an ce masa ba, ya jingina da bango yana kallon hannun Bube.

"Ɗan Fulani, ka naɗe mini ita da kyau?"

"Ranka ya daɗe, in ta ƙi buɗewa ka dawo da ita in canza maka."

"Allah ya shirye ka."

Wata rana ya dawo daga aiki bai yi tsokana ba. Ya zauna a ƙasa. Ya ce daga sama ba a ganin fuska, rufin kwano da rufin kwano duk ɗaya ne, kuma in ka wuce ba ka waiwaye. Sannan ya ce, "Bube, duk filin nan kai kaɗai ne abin da ka taɓa ba ya kashe kowa." Bube yana tsakiyar igiya, ya ci gaba da tsefewa. Amma maganar ta zauna masa, har yau yakan maimaita ta yadda aka faɗe ta.

A daminar shekara ta biyu ta yaƙi aka harbi jirgin Zainul Abidin daga ƙasa. Ya lallaɓo shi yana hayaƙi har ya hango kogin Binuwai, wuta ta iso ƙafafunsa, ya ja mariƙin da ke cilla kujera waje. Laima ta buɗe. Ya faɗa cikin fadama, masunta suka ciro shi suka kawo shi a kwalekwale, ƙafa a ƙone, laimar a dunƙule a ƙirjinsa ya ƙi sakinta. A al'adar matuƙan wurin, wanda laima ta cece shi yakan kai wa mai naɗin kwalbar giya. Shi ba ya sha, Bube ba ya sha. Laimar kuwa ta sha laka ta yage, an soke ta daga aiki, ƙonawa za a yi. Zainul Abidin ya ɗingisa har ofishin babban hafsa ya roƙa, aka ba shi, ya kawo wa Bube da hannunsa.

"Ka ce in dawo da ita," ya ce. "Ga ta."

Da ƙafar ta warke ya koma tashi. Ana saura 'yan watanni yaƙi ya ƙare, jirginsa ya nufi kudu bai dawo ba. Ba a ga jirgin ba, ba a ga mutumin ba. Laimar da ya tafi da ita ran nan ma Bube ne ya naɗe. In aka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce, kuma da zafi yake ba da ita: "Ba a ja ta ba. Da an ja, da ta buɗe."

Ya ci gaba da aiki bayan yaƙi, ya auri Hawwa'u, 'yar ƙanin mahaifinsa, aka haifi Sagir a barikin Kaduna. Da ya ajiye kaki ya dawo gida, ya tarar rugar ta watse, shanun sun ragu, sai ya gina gida a Kankia ya zauna. Laima tana cikin akwati shekara da shekaru, ba ya taɓa ta sai in zai sha mata iska ya sake naɗewa. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu a Mawashi, tsakiyar bazara, masu gaisuwa suka cika fili, babu inuwa sai ta wata aduwa. Bube ya aika aka kawo akwatin. Daga ranar ta zama ta jama'a.

Abin da ya canza shi ne daji. A shekarun nan masu ɗauke da bindiga a dazuzzukan yamma suka fara sa kaki, sai kaki ya zama abin tuhuma a hannun kowa. A farkon bazarar bana labari ya iso Kankia cewa wasu masu bincike sun bi wani ƙauye gida-gida, sun sami takalman soja a ɗakin wani manomi, na yayansa da ya rasu, sun tafi da shi, kuma iyalinsa ba su sake ganinsa ba. Ko haka labarin yake ko an ƙara masa gishiri, ya isa. Samarin da suka sayi wandon soja a gwanjo suka riƙa cusa shi a murhu. Wani mai gadi ya jefa tsohuwar hularsa a masai.

Sagir maganin dabbobi yake sayarwa a kasuwa. Masu sayensa makiyaya ne, kuma ya san irin kallon da wasu ke yi wa rumfarsa in Fulanin daji suka taru. Ga shi 'yarsa Zuliha ta zo wankan gida, ta haifi mace, gida zai cika da baƙi ranar suna. Ya sami mahaifinsa a zaure bayan la'asar, ya durƙusa.

"Baba, magana gare ni a kan akwatin nan."

"Wane?"

"Ka san wanda nike nufi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta..."

"Gemuna lafiya lau shike. Shekaranjiya wanzami ya gyara mini shi."

"Baba, ba wasa nike ba. Akwai ɗamara a ciki, akwai ƙarafuna masu tambarin soja. Mu Fulani ne. In aka shigo aka buɗe, wa zai tsaya jin tarihi?"

"Sai in ba su shi a tsaye."

"Ina takardar shaidar da soja suka ba ka a kanta?"

"Gara ta ci, ta yi hamdala."

"To ka gani."

"Na gani. Soja da kansu sun so ƙona ta, aka hana su. Kai wane ne?"

Sagir ya tashi ya fita. Hawwa'u ta ji su ta bayan ƙyaure. Da ta kawo fura ta ce, "Mai laima, yaron nan tsoro yake ji, ba rashin kunya ba ce." Bube ya ce ya sani, shi ya sa bai ɗaga murya ba. Ta ce, "Har maƙwabta sun ji rashin ɗagawar."

Ana jibi suna, Bube ya dawo daga sallar azahar ya ga kusurwar ɗakinsa fayau, sai shatin akwati a ƙasa. Bai tambayi kowa ba. Ya bi sawun jan ƙarfe ta bayan gida har bakin juji. Sagir yana tsaye da gorar fetur, murfin akwati a buɗe, laima a kwance a ciki yadda uban ya naɗe ta. Ashana tana hannunsa, bai ƙyasta ba.

Bube ya zo ya rufe akwatin, ya tattare rigarsa, ya zauna a kai.

"Zuba."

"Baba, don Allah tashi."

"Zuba mana. Tsoho da ƙyalle, ai ba za su ci mai da yawa ba."

"Mutane na kallo fa."

"Su kalla."

Maƙwabcinsu Gajere wanzami, wanda suka tsufa suna zagin juna da Bube, ya leƙo ta katanga. "Kai Sagir, in za ka babbake agwai nan ka bari in kawo yaji. Ko da yake ba nama, ƙashi ne zalla."

"Koma ciki, kaɗo," in ji Bube. "Ba da kai ake ba."

Ba wanda ya yi dariya. Sagir ya ajiye gorar, muryarsa ta sauka. "Baba, kai tsoho ne, gari ya san ka. Ba kai za a ɗauka ba. Ni za a ɗauka. Wannan ƙyalle ne fa. Ni ɗanka ne."

Wannan ta shige shi. Bube ya ce tun ranar da ya tsaya bakin rumfar jirage yana jiran ƙarar da ba ta zo ba, abu bai taɓa taɓa shi haka ba. Gaskiya yaron ya faɗa. Amma ya hango wata gaskiyar a bayanta. Yau a ƙona laima, gobe a ce malafa, jibi sanda, gata a ce sunan ma a sake shi. Kuma hayaƙin irin yadin nan ba ya ɓoyuwa. Unguwa duka za ta ji wari, ta tambayi abin da gidan Bube suke ƙonawa ana tsakiyar bincike.

"Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as," ya ce. "Ni ba kaza a aljihuna. Kama mini wancan gefen."

Suka ɗauko akwatin tare. Bai bari aka mayar da shi ɗaki ba, a zaure ya ce a dire.

Washegari da hantsi ya sa farar riga, ya ƙunsa goro da alawar suna, ya kai wa mai unguwa nasa. Daga nan ya wuce rumfar 'yan sa-kai da ke bakin gari, inda samari ke zaune da bindigoginsu na harba-ka-ruga. Shugabansu Kamalu, ɗan wani mai facin keke ne da ya rasu, mutum marar yawan magana. Bube ya ajiye goro a gabansa.

"Gobe suna a gidana. Zan kafa kayan soja a ƙofar gida, inda makaho ma zai ji inuwarsa. Ku zo ku gani da idonku, kada wani ya kawo muku labari a kunne."

Sagir ya riga ya yi hayar rumfar ƙarfe, masu ita suka kafa da sassafe. Bube bai ce a cire ba. Ya sa aka ɗaure laimarsa a gefenta, daga bedin ƙofar gida zuwa bedin masallaci, ɗamarar da ƙarafunanta kuma ya rataye su a reshe suna lilo. Ya shimfiɗa buzu ya zauna a tsakiya. Mutane suka fara zuwa. Kowa ya iso sai ya dubi laima, ya dubi titi, ya cusa kai a rumfar haya. Rumfar ta cika har wasu na tsaye a rana. Ƙarƙashin laima kuwa Bube ne kaɗai, sai Gajere da ya zo da zabirarsa ya zauna yana faɗi da ƙarfi cewa shi ba don agwai ya zo ba, bayansa ne ba ya son kujerar roba.

Daga cikin gida Zuliha ta aiko a gaya wa angonta, wato kakanta, in an zo kama shi ya bar mata akwatin a gado. Bube ya ce a gaya mata ya sake ta saki uku, tunda ta haifa wa wani.

Liman ya iso, ya tsaya tsakanin rumfa da laima. Tsoho ne, ya yi addu'a a inuwar nan fiye da yadda zai iya tunawa. Ya tuɓe takalmi ya shiga inda ya saba. Dole masu son jin suna suka matso. Aka raɗa wa yarinya Amatullah.

Ana shafa fatiha Kamalu ya iso da mutanensa, bindiga a kafaɗa. Sagir, da ke rabon goro, ya tsaya da faranti a hannu. Kamalu ya gaida liman, ya gaida Bube, bai zauna ba. Ya juya ƙarafunan ɗamara ya duba tambarin.

"Baba Saje, ni na san ta. A ƙarƙashinta aka yi makokin ubana. Amma ba mu kaɗai ke bincike ba, kuma masu zuwa daga nesa ba su san ka ba. Ka ba ni ƙarafunan nan, ka yanke igiyoyin. In ta zama yadi zalla ba mai magana."

"In na yanke igiya, mi ya rage?"

"Inuwa mana."

"Ko buhu na yin inuwa. Wannan laima ce, Kamalu. Mutum ya faɗo daga sama da wuta a ƙafa, igiyoyin nan suka riƙe shi. Wadda ke kafaɗarka, wa ta taɓa riƙewa?"

Kamalu bai ji daɗi ba, an gani a fuskarsa. "Ni dai na gaya maka."

"Ka gaya mini, na gode. In sun zo ka nuna musu zaurena. Ni za su tarar a kanta, ba Sagir ba. Ɗauki goronka."

Ya ɗauka, suka tafi. Ba a kama kowa ba ran nan, ba kuma wanda ya ce magana ta mutu.

Bayan suna Bube ya cire ƙyauren zaure da kansa, ya jingine shi a bango. Akwatin yana nan daura da ƙofa, a kansa yake zama yana tufka. Sagir kuwa, da Zuliha ta gama wanka ta koma ɗakinta, ya kwashe iyalinsa ya kama haya kusa da tasha. Ya ce don ya fi kusa da kasuwa. Yakan zo gaisuwa ranar Juma'a, ya durƙusa daga waje, ba ya shiga zauren. Hawwa'u ta yi kwanaki abin da ke haɗa ta da mijinta kwanon tuwo ne kawai. Bube kuma bai ce ya yi daidai ba, bai ce ya yi kuskure ba. Ya ce gwamma yaron ya yi nesa da akwatin, ai abin da ake nema ke nan.

Masu aro suka ɗauke ƙafa. Damina ta shigo, aka yi aure a Fakuwa, aka yi suna a Kusada, ba wanda ya aiko.

A makon jiya wani tsohon makiyayi ya rasu a Mawashi, Bubayero, wanda suka yi kiwo tare da Bube suna yara. 'Ya'yansa ba su da halin hayar rumfa, kuma ba su aiko ba. A kasuwa Bube ya ji. Washegari ya tsayar da ɗan kabu-kabu, aka ɗaure akwati a bayan babur. A wani shinge a hanyar Kusada baƙin fuska suka tsayar da su, suka tambayi abin da ke ciki. Bube ya sauka ya buɗe da kansa, ya ɗago ɗamara ya nuna musu tambarin tun ba su nema ba, ya faɗi sunansa da muƙaminsa da inda za shi. Suka ajiye shi a bakin hanya har azahar ta gota, ana ta kiran waya. Ya zauna a kan akwatinsa, ya ciro rama daga aljihu yana tufka. A ƙarshe wani ya ɗaga hannu, suka wuce. Ɗan kabu-kabun ya rantse ba zai ƙara ɗaukarsa ba. Laima ta yi kwanakin makoki a Mawashi, ta dawo a dunƙule cikin buhu, yadda aka saba.

Jiya da hantsi, da Bube ya ga sama ta washe, ya share ƙofar gida, ya jera tabarmi daga gindin bedi zuwa bakin zaure. Ya yanke farce, ya tofar da goro, ya kurkure baki. Ya ɗaure kan laima a jikin bedi ya fara jan igiyoyi. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya na tsefewa, ɗaya na riƙe da ƙarshen a miƙe, kuma Gajere da ya saba riƙe masa yana kwance da ciwon baya. Bube ya danne ƙarshen da dutse, ya suɓuce. Ya sake dannewa, ya sake suɓucewa. Ba Juma'a ba ce, amma Sagir yana bakin titi a kan babur, ya kawo wa uwarsa magani. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kafe babur, ya tako, ya tuɓe takalmi a gefen tabarma.

Bube bai ɗago kai ba.

"Cire agogon nan," ya ce.

Sagir ya cire ya sa a aljihu, uban ya miƙa masa bakin igiyoyin.